Hanyar iska da kafireto: yadda ake zaɓe idan ana farfaɗo da tsohon babur a Damagaram

Duk wanda ya fito da tsohon babur daga zauren gidansu da niyyar mayar da shi kan titi, ko Mobylette ce ta kakansa, ko Vespa, ko Honda CG125 irin ta farko, ko Yamaha mai hayaƙi, akwai ranar da zai tsaya gaban zaɓi uku. Ko dai ya gyara kafireton da babur ɗin ya zo da shi daga kamfani, wato abin da ke cakuɗa iska da mai kafin su shiga inji, ko ya sayi sabo ƙirar Sin mai kama da shi, ko kuma ya ɗora wanda ya fi shi girma, ya cire akwatin iska, ya maƙala ƴar buɗaɗɗiyar matatar nan da ake gani a hotunan baburan Turai. Yawancin mutane daga kafireto suke fara tunani, maganar iska kuwa sai a ƙarshe, in ma sun tuna da ita. A ganina, a gari irin namu wannan lissafin a juye yake. Hanyar iska ce ya kamata a fara yanke shawara a kanta, domin ita ce ke faɗin tsawon ran injin, kuma ita ce ke faɗin yadda za a daidaita kafireton da zai biyo baya.

Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Injin mai amfani da esansi, wato fetur, yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska domin ya ƙone kilo 1 na mai ƙurmus. Idan aka mayar da wannan zuwa ma'aunin da muka saba da shi, lita ɗaya ta mai tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Duk wannan iskar ta cikin matata take bi, kuma iskarmu ba irin ta Japan ko Italiya ba ce, inda aka zana waɗannan babura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura mai laushi, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma rairayin lungunan Birni da Garin Malam da tayar gaba ke tayarwa duk shekara. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen silinda tauri, ta fi na zoben fistan. Idan ta shiga ta haɗu da baƙin mai, sai ta riƙa cin bangon silinda a kowane hawa da saukar fistan, har inji ya fara shan mai yana hayaƙi, mai shi yana zargin kayan gyaran da ya saya.

Shi kuwa kafireto ba shi da famfo, ba shi da wani abin da ke tura mai da ƙarfi. Bututu ne mai ƙunci a tsakiya. Idan fistan ya sauka ya zuƙo iska, iskar tana ƙara gudu a wurin ƙuncin, matsinta ya ragu, wannan raguwar ce ke tsotso mai daga kofin da ke ƙasa ta cikin wani ɗan ramin tagulla da makanikai ke kira jiklar. Saboda haka duk abin da ya canza gudun iskar, ko ya canza matsin da ke bakin kafireto, ya canza yawan man da ke shiga, ko da ba a taɓa sukurun ko ɗaya ba. Matatar da ta toshe tana ƙara tsotso, mai ya yi yawa. Matatar da aka cire ko ta yage tana rage tsotso, mai ya yi kaɗan. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin matsalolin da ake ɗora wa kafireto alhali ba laifinsa ba ne.

Akwatin iska, wato baƙar robar nan ko gwangwanin da ke ƙarƙashin sirdi ko a gefe, shi ne abu na farko da samari ke jefarwa, domin a idonsu ba shi da kyan gani. Amma ayyuka da yawa yake yi a lokaci guda. Yana ɗauko iska daga wuri mai kariya, nesa da ƙurar taya da ruwan damina. Yana tara iska natsattsiya a bakin kafireto, ta yadda iskar gefe ko motsin ƙafar mai tuƙi ba za su riƙa sauya tsotso ba. Yana rage ƙara. Sannan girman jiklar da siffar allurar da kamfani ya zaɓa, duk da wannan akwatin a jiki aka auna su. Idan akwatin asali yana nan, ko da ya tsage, gara a liƙe shi a gyara murfinsa. Idan ya ɓata, neman irinsa wurin masu tsofaffin kaya a nan gari ko a Kano ya fi dacewa da a fara kashe kuɗi a kansa, kafin fenti da kafin sabon sirdi.

Matatu kuwa iri-iri ne, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Ta takarda tana tace ƙura mai laushi sosai, amma ba a wanke ta, ba a shafa mata mai, kuma idan aka hura ta da iskar famfon masu faci da ƙarfi, sai ta yi ƙananan huji da ido ba ya gani, ta koma ado kawai. A ƙasar da ake samun sabuwa a kowane shago ba matsala ba ce, amma ga babur ɗin da aka daina ƙerawa shekaru da yawa, samun takardar da ta yi daidai da akwatinsa wahala ce. Ta ragar ƙarfe, irin wadda ke kan wasu tsofaffin ƙananan babura, tsakuwa da ƙwari take tarewa, sai an jiƙa ta da mai take kama wani abu na ƙura. Buɗaɗɗiyar matatar kanti mai ƙyallen auduga tsakanin raga biyu tana barin iska ta wuce sosai, kuma daidai wannan dalilin ne ya sa take barin ƙura mai laushi ta wuce, musamman masu arhar da ke cika kasuwa. Wadda ta dace da mu ita ce ta soso mai shan mai. Soson ba shi ne ke tare ƙurar ba, man da ke jikinsa ne ke kama ta yayin da iska ke karkacewa cikin ramukansa, kamar yadda amawalin rawani ke tare wa matafiyi ƙurar hanyar Tanut ba tare da ya hana shi numfashi ba. Busasshen soso kusan daidai yake da babu.

Kamfanin Honda kansa ya koyi wannan darasin a fili. A 1974 ya aika ma'aikatansa su zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Pakistan, su ga yadda ake amfani da baburansa. Sun tarar mutane ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, matatun takarda kuma sun toshe sun ƙame da ƙura. Daga wannan binciken aka fito da CG125 a 1975, da inji mai jure sakaci da kuma matatar soso da ake wankewa a mayar. Abin takaici ne a ga mai irin wannan babur ya cire abin da aka ƙera musamman domin ƙasa mai ƙura, ya sa abin da aka ƙera domin filin tsere.

Kula da soso ba shi da wuya, amma akwai ƙa'ida. A wanke shi da kananzir ko da ruwa da sabulu, kada a yi da esansi, domin yana cinye gam ɗin da ke riƙe da shi, ga kuma haɗarin gobara. A matse shi a tafin hannu, kada a murɗe. A bar shi ya bushe a inuwa, a zuba masa mai ya ratsa ko'ina, a sake matsewa har ya daina ɗiga. A shafa ɗan giris a leɓen da yake zama a kai, domin ƙura ta fi son bi ta gefe. Soson da ya shekara ashirin a ajiye kuwa ba ya wankuwa, da an taɓa shi yake marmashewa, kuma idan aka tayar da inji da shi, cikin kafireto zai tafi. Ana yanka sabo daga soson matata na gaske, ba daga na katifa ba, wanda ramukansa ba su dace ba kuma mai ke lalata shi.

Akwai wani gwaji da na ga wani dattijon makanike yana yi a Sabon Gari, wanda ya fi dogon bayani amfani. Wani saurayi ya kawo babur da sabuwar buɗaɗɗiyar matata, yana cewa inji ya fara rauni. Dattijon bai taɓa sukurun ba. Ya kwance matatar, ya zura ɗan yatsa cikin bakin kafireto ta ɓangaren da ya kamata ya kasance tsaf, ya shafo, sannan ya murza yatsan a bayan hannun yaron. "Ka ji abin da ke ƙaiƙayi, ɗana? Wannan shi injinka ke ci tun ranar da ka sa ta." Yaron ya ce, "Baba, ai mai kanti ya ce tana ƙara gudu." Dattijon ya aike shi gida ya ɗauko akwatin da ya cire. Duk mai babur zai iya yin wannan gwajin da kansa bayan mako guda na hunturu, kuma idan ya ji tsakin rairayi a bayan matata, to, akwai inda ke yoyo.

Idan an gama da iska, sai a dawo kan kafireto. Zaɓin farko, kuma wanda na fi ba wa ƙarfi, shi ne gyara na asali. Honda yawanci da Keihin take zuwa, Yamaha da Suzuki da Mikuni, Vespa da Dell'Orto, Mobylette da Peugeot 103 da Gurtner, tsofaffin baburan Ingila da Amal, BMW kuma da Bing. Waɗannan an auna su ne da injin da suke kai, kuma abin da ke lalacewa a cikinsu kaɗan ne: gaskit, da ƴar allurar da ke rufe mai idan kofi ya cika, da fulota, wato abin da ke yawo a kan man kofi, idan ta huje ta sha mai, da robobin da suka bushe. Sauran aikin wanki ne. Man da ya kwana shekaru a kofi yana zama danƙo ya toshe ƙananan hanyoyi, musamman jiklar ralanti, mai ba inji mai idan yana aiki ba a murɗa totur ba, wadda a ƙananan babura raminta bai kai rabin milimita ba. A jiƙa, a hura, a ɗaga ta sama a duba ko hasken rana yana fitowa ta ramin a zagaye. Abin da bai kamata a yi ba shi ne zura mata allurar ɗinki ko wayar birki, domin tagulla tana da laushi. Jiklar mai ramin milimita 1, idan aka faɗaɗa ta da kashi 5 cikin 100 na milimita kawai, faɗin ramin ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, kuma babu sukurun da zai mayar da wannan.

Akwai dai inda gyara ba ya yiwuwa. Idan ƙyauren da ke hawa da sauka, wanda igiyar totur ke ja, ya cinye jikin kafireto har yana kaɗawa a ciki, iska za ta riƙa satar hanya ta gefensa, ralanti ba zai taɓa zama ba. Ƙura ce ke jawo wannan, kuma tsofaffin Amal sun yi suna da shi. Haka idan fuskar da ke haɗuwa da inji ta lanƙwashe saboda an ɗaure ta fiye da kima, abin da ya zama ruwan dare a kafireton SI na Vespa. Ƙaramar lanƙwasa ana goge ta da takardar yashi mai laushi a kan gilashi, babba kuwa sai canji.

A nan ne zaɓi na biyu ke shigowa. Kafiretocin Sin masu lamba PZ kwaikwayon Keihin ne, kuma PZ26 yana hawa CG125, PZ19 kuma yana hawa ƙananan injuna irin na Cub. Ba na raina su, domin su ne ke riƙe da dubban ƴan kabu-kabu a garin nan, kuma suna da arha. Sai dai ingancinsu ba ɗaya ba ne, wani lokaci lambar da aka buga a jikin jiklar ba ta yi daidai da raminta ba, tsayin fulota kuma ba a daidaita shi daga masana'anta ba. Wanda ya sayi irin wannan ya buɗe shi kafin ya ɗora, ya wanke ɓurɓushin ƙarfen da ake samu a ciki, ya auna fulota, kuma idan zaren ya yi daidai, ya mayar da jiklar da ya ciro daga na asali. Na asalin kuma kada a sayar wa ƴan gwangwan, a nannaɗe shi a ajiye, domin darajar tsohon babur tana tare da kayansa na farko. A kuma kula cewa lambobin kamfanoni ba ɗaya suke ba. Keihin da Dell'Orto suna bin faɗin rami, Amal da wasu jiklar Mikuni kuwa suna bin yawan man da ke wucewa, saboda haka 100 na wannan ba 100 na wancan ba ne.

Zaɓi na uku, ƙara girma, shi ne ya fi jan hankalin matasa kuma shi ya fi ba da kunya. Idan aka tashi daga milimita 26 zuwa 30, faɗin bututun ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Injin bai ƙaru ba, iskar da yake zuƙa ita ce dai, don haka gudunta a maƙogwaron kafireto ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin tsotson mai kuma ya faɗi da fiye da kashi 40 cikin 100. Sakamakon shi ne babur mai shaƙewa idan aka murɗa totur da sauri, mai wuyar tashi da safe, mai rauni a cikin rairayi da cunkoson kasuwar Dole, inda ake buƙatar ƙarfi a ƙaramin gudu. Ɗan abin da ake samu a ƙarshen totur ba ya zuwa sai an faɗaɗa silinda, an gyara hanyoyin shiga, an canza salansa. A Faransa samari sun daɗe suna cire Gurtner mai milimita 12 daga Peugeot 103 su sa Dell'Orto SHA mai 15, amma galibi tare da canjin salansa da silinda suke yi, kuma wannan wani aiki ne daban da mayar da babur yadda yake. Masu manyan babura na Japan da ke da kafireto mai tantanin roba a sama, wanda tsotson iska ke ɗaga ƙyaurensa, su ne ya fi kamata su yi nesa da buɗaɗɗiyar matata, domin irin wannan kafireto ya dogara ne ga natsattsiyar iskar akwati, kuma idan babu ita sai ya riƙa tangal-tangal a tsakiyar totur komai ƙoƙarin makanike.

Injin mai hayaƙi, wato mai bugu biyu, yana da ƙarin haɗari. A cikinsa cakuɗen iska da mai yana bi ta ƙasan inji kafin ya hau sama, don haka ƙurar da ta shiga tana ratsa boris ɗin ƙarangashaf, wato sandar da fistan ke juyawa, kai tsaye. Idan robobin da ke gefen ƙarangashaf suka bushe, inji yana zuƙar iska ta can, mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, fistan ya kama. A Vespa kuma a duba robar da ke haɗa akwatin kafireto da jikin babur, da robar murfin akwatin, domin ragar da ke kan kafireton ita kaɗai ba ta isa ba. Yawancin Vespa masu kafireton SI kashi 2 cikin 100 na man haɗi suke so, wato baƙin man da ake cakuɗawa da esansi. Masu ƙara man haɗi da yawa da niyyar kare inji su sani cewa ta rami ɗaya yake bi da esansi, duk abin da ya ƙaru na wannan ya rage na wancan.

Daidaitawa tana zuwa ne a ƙarshe, bayan an tabbatar inji yana da matsi, bawul suna da tazararsu, wuta tana zuwa a kan lokaci, kuma robar da ke tsakanin kafireto da inji ba ta tsage ba. Kowane ɓangare na totur da mai mulkinsa. Daga rufe zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, jiklar ralanti da sukurunta ne. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce, wadda galibi take da tsagi 5, kuma idan aka sauko da maƙallinta ƙasa, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. Daga nan zuwa ƙarshe babbar jiklar ce. Sukurun cakuɗe idan yana ɓangaren matata, iska yake sarrafawa, kwance shi yana rage mai. Idan yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, kwance shi yana ƙarawa. Ana farawa daga juyi ɗaya da rabi, inji da ɗuminsa, a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji.

Yanayinmu yana da tasa maganar a nan. Damagaram tana sama da teku da mita 450 da ɗoriya, abin da ke rage kaurin iska da kusan kashi 5 cikin 100, kuma iskar da ta kai digiri 40 ta fi mai digiri 15 sauƙi da kusan kashi 8. A watannin Afrilu da Mayu ke nan babur mai jiklar kamfani yana ɗan karkata ga yawan mai. Wasu na ganin haka sai su rage jiklar sosai, su manta cewa da asubahin Janairu iskar ta yi sanyi ta yi kauri, kuma injin da iska ke sanyayawa ɗan rarar mai yana taimaka masa ya jure zafi. Mataki ɗaya ƙasa da na kamfani shi ne iyakar abin da zan yarda da shi, shi ma sai buji, wato abin da ke ba inji tartsatsin wuta, ya nuna. A sa sabon buji, a yi tafiya mai ɗan nisa a kan kwalta da totur a buɗe, a kashe inji nan take ba tare da an bar shi a ralanti ba, a ciro a duba. Launin ƙasa-ƙasa alama ce mai kyau, baƙin toka busasshe yawan mai ne, fari fat kuwa ƙarancin mai ne, kuma shi ne mai kashe inji.

Mai kansa yana da hannu. Matatar man fetur ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut tana aiki tun 2011, amma har yanzu da yawanmu a kwalba muke sha a bakin titi, kuma kwalbar da ta wuni a buɗe cikin hazo tana tara ƙura, wani lokaci har da ruwa. Tsohon tanki kuma yana da tsatsarsa. A wanke tankin kafin a haɗa shi da kafireton da aka sha wahalar gyarawa, a sa ƴar matatar mai mai haske a tiyo inda ido zai riƙa ganinta, kuma idan babur zai kwana fiye da ƴan makonni ba a hau ba, a rufe famfon mai, a kwance sukurun da ke ƙasan kofi a zubar da abin da ke ciki.